Ku Tambayi Kawu: Tsohon Ɗan Dambe da Ƙaiƙayin Hannu

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan dambe kamar an haɗa baki. Ban yi mamaki ba. Tun da aka buɗe gidajen sinima a ƙasar nan ta Saudiyya a 2018, aka kuma mai da Riyad da Jidda matattarar manyan 'yan boksin na duniya, yaranmu da a da ba su san komai ba sai ƙwallon Ittihad da Ahli, yanzu kowa ya zama alƙalin dambe. Na zaɓi huɗu. Masu tambaya kan igama (takardar izinin zama) da sauya kafili (ubangidan aiki) su yi mini haƙuri sai wata mai kamawa.

Tambaya: Kawu, barka da aiki. Ni direban gida ne a nan Jidda. Daren Juma'a muka taru a ɗakin wani abokina haris, wato mai gadi, muka kalli Rocky Balboa, fim ɗin tsohon ɗan damben nan da matarsa ta rasu, yana riƙe da ɗan gidan abinci, sai ya dawo fili ya kara da zakaran duniya har turmi goma aka tashi yana tsaye. Abokina ya ce ƙarya ce tsagwaronta, ni na ce ai an taɓa yi. Mun sa tamis da ful, wato gurasa da wake, na mako guda. Wa ya ci?

Amsa: Ɗana, wannan tamis da ful da kuka sa sunansa caca, ko da wake aka yi ta. Kowa ya biya karin kumallonsa, sannan ka gyara zama.

Kowannenku ya kama rabin gaskiya. Labarin ƙirƙira ne. Sylvester Stallone, wanda ya rubuta shi, ya ba da umarni, ya kuma fito a matsayin tsohon, yana da shekara 60 lokacin da fim ɗin ya fita a ƙarshen 2006. Abokin karawarsa kuwa ɗan boksin ne na gaske, Antonio Tarver, wanda ya kwantar da Roy Jones a 2004. Amma ka sake kallo a natse, za ka ga marubucin ma bai yarda labarinsa zai tsaya da ƙafarsa ba sai da ya yi ta sa masa tokara. Zakaran ya raina tsohon, bai yi shiri ba. Tun wasa bai yi nisa ba ya karya hannu a ƙugun tsohon, ya ƙarasa kusan da hannu guda. Wasan kuma na nishaɗi ne, ba kambu aka sa ba. Duk da wannan rangwamen, alƙalai biyu cikin uku yaron suka ba. Wato ko a mafarkin nasa, mai shekara sittin bai ci ba. Nan abokinka ya fi ka.

Inda ka fi shi kuwa, sunan wurin George Foreman. Ina ɗan shekara goma sha huɗu a ƙauyenmu na ƙasar Zamfara ranar da Muhammad Ali ya kwantar da shi a Kinshasa, 30 ga Oktoba 1974, a turmi na takwas. Da asuba aka yi wasan, mu kuwa sai a rediyon mai shayi muka ji, aka yi ta kabbara kamar an ci yaƙi. Foreman ya ci gaba har 1977, Jimmy Young ya doke shi, ya ajiye safar hannu ya koma wa'azin coci a Houston. Shekara goma cur ba a ji ɗuriyarsa ba. A 1987 ya dawo yana da 38, ga tumbi ga sanƙo, ya ce kuɗi yake nema ya riƙe cibiyar matasan da ya buɗe. 'Yan jarida suka yi ta dariya.

Abin da fim ba ya da haƙurin nunawa shi ne yadda ya bi hanyar. Bai ce a kawo masa zakara ba. Ya fara da ƙananan 'yan dambe a ƙananan garuruwa, ya yi wasa 24 cikin shekara huɗu duk yana ci, kafin ya kai ga Evander Holyfield a 1991. Holyfield ya doke shi da maki. Tommy Morrison ma ya doke shi a 1993. Ya kuma sauya dambensa gaba ɗaya. Foreman na ƙuruciya ɗan hargowa ne, ya zubar da ƙarfinsa a turmi biyar ya gaji. Na tsufa yana tafe a hankali kamar raƙumi, hannuwa a gicciye a gaban fuska, ba ya ɓarnar naushi, tsakanin turmi ma ba ya zama a kujera. Ranar 5 ga Nuwamba 1994 a Las Vegas, Michael Moorer, ɗan shekara 26, ya kwashe turmi tara yana jibgarsa, ido ya kumbura, duk alƙalai uku sun sa yaron a gaba. A turmi na goma hannun dama guda, gajere, ya sauka a haɓar Moorer. Shi ke nan. Foreman ya durƙusa a kusurwarsa yana addu'a, sanye da wandon da ya sa a Kinshasa shekara ashirin baya. Shekararsa 45.

To ka lura da abu biyu. Shekara goman da ya yi yana wa'azi, kansa hutawa yake, ba wanda ya taɓa shi. Sannan ajin masu nauyi ne, inda naushi guda ke biyan bashin turmi tara, kuma masu sana'ar sun daɗe suna cewa nauyin hannu shi ne na ƙarshen barin ɗan dambe. Ƙafa ce ke fara tafiya, sai ido, sai haɓa.

Kuma 45 daban, 60 daban. Mun ga masu kusan sittin ɗin da idonmu. Holyfield ɗin nan ya dawo a 2021 yana da 58. Hukumar dambe ta Kalifoniya ta ƙi yarda, aka ɗauke wasan zuwa Florida, alƙali ya tsayar tun a turmin farko. Mike Tyson ya kara da Jake Paul a Nuwamba 2024, shi ma 58, aka rage turmi zuwa minti biyu, aka ƙara wa safar hannu kauri, duk da haka daga turmi na uku tsayuwa kawai yake yana cizon safarsa. Na kalla a gidan gahawa, wani Bamisire kusa da ni ya ce haram ne a bar wannan, ban yi masa musu ba. Bernard Hopkins, wanda ya fi kowa iya tattalin jiki, ya ci kambu yana da 46, ya sake ci yana da 48, amma a wasansa na ƙarshe a 2016, yana da 51, ta tsakanin igiya aka fitar da shi ya faɗo ƙasa.

Manyan ma haka suka ƙare. Joe Louis bashin haraji ne ya dawo da shi, Rocky Marciano ya fitar da shi ta igiya a 1951 yana da 37. Ali ya dawo a 1980 yana da 38, ya haɗu da Larry Holmes, yaron da a da yake biya ya taya shi atisaye. Turmi goma Holmes na dukansa yana waiwayen alƙali ko zai tsayar, bayan an tashi ya yi kuka. A 1984 aka tabbatar Ali na da cutar karkarwa ta Parkinson. Namu na gida, Dick Tiger, ya ƙara cin kambun duniya a wani ajin nauyi na daban yana da 37 a 1966, yaƙin basasa ya cinye abin da ya tara, ya ƙare yana gadi a gidan tarihi a New York, haris kamar abokinka, ya rasu a 1971 yana da 42.

Saboda haka ka gaya wa abokinka an taɓa yi, sau ɗaya, ga mutum guda mai shekara 45 da ya share shekara bakwai yana hawan tsani. Shi kuma ya gaya maka mai sittin sai a fim. Sai ku ci ful ɗinku.

Tambaya: Kawu, ni ɗaliba ce a Madina. Dukan da ake yi a irin waɗannan finafinai na gaske ne? Na ga jini da kumburi har na rufe ido.

Amsa: 'Yata, buɗe idonki. Yawancinsa rawa ce da aka haddace: naushi na wucewa ta gefen fuska, kyamara na tsaye inda ba za ki ga tazarar ba, wanda aka kai wa ya wurga kai baya, ƙarar kuma daga baya ake ɗora ta. Jini da kumburi aikin masu kwalliya ne. Wani lokaci 'yan wasa kan ce a taɓa su da gaske don abin ya yi armashi, kuma sukan ji a jikinsu. Stallone da bakinsa ya ba da labarin yadda, wajen ɗaukar kashi na huɗu na Rocky na 1985, ya ce wa abokin wasansa Dolph Lundgren ya kawo da gaske, naushi guda a ƙirji ya kwantar da shi kwanaki a ɗakin kulawa ta musamman.

Ƙaryar da ta fi girma ba a dukan take ba. Tana wurin da aka sa kiɗa, tsoho ya yi gudu, ya ɗaga ƙarfe, ya hau matakala, cikin minti uku ya koma saurayi. Ni da gwiwata ke ƙara in na tashi daga sujada, wannan wurin nake dariya.

Tambaya: Kawu, ina gaisuwa. Don Allah a sakaya sunana. Muna zaune a Makka, maigidana yana aikin lodi a kasuwar kayan gwari ta Ka'akiyya. Shekararsa 47. Da ƙuruciya ɗan damben Kudu ne, an san shi, ya ajiye kara, zaren da ake naɗe hannu da shi, shekara 19 da suka wuce kafin mu taho. Tun da babban ɗanmu ya sa masa fim ɗin tsohon ɗan damben nan a waya, ya kalla ya fi sau huɗu. Yanzu daga sallar Asuba sai gudu, ya rataye buhun yashi a saman bene, ya naɗe hannu da tsohon gyalena yana duka. Ya ce in mun je gida bayan aikin Hajji sai ya ɗaura kara ko sau ɗaya ne, wai yanzu dambe ya yi kuɗi, ana sa babur da mota, ana nunawa a YouTube. Yana da hawan jini, maganin ma sai na yi da gaske yake sha. Na yi magana ya ce na raina shi. Yara suna dariya, ni kuwa ba na barci. Yaya zan yi?

Amsa: Ƙanwata, wasiƙarki na karanta sau uku, na ajiye ta, na je na juya nama, na dawo na sake karantawa. Kin taɓo mini tsohon miki.

Mu gidan fawa ne, kin kuwa san dambe gadon Rundawa ne. Yayana, wanda nake bi, ɗan damben Arewa ne. Da kaka in an gama girbi sai su ɗauki hanya da makaɗansu gari gari, mu yara muna biye da buta da tabarma. Ba shi da tsawo, amma in ya miƙa hannun garkuwa ya maƙale na kara a baya, ƙato sai ya yi tunani. In kalangu ya ɗauki takensa, tun daga bakin kasuwa mata ke leƙowa ta katanga. Ya ajiye kara yana da talatin da 'yan kai, ya kama fataucin shanu zuwa Kudu. Shekara tara ana lafiya. Sai wata tafiya mota ta kife da shanun, jari ya tafi, har da na mutane a ciki. Bai gaya wa kowa yawan bashin ba. Sai dai muka ga ya fara fita da sassafe, ya fara tambayar ina tsohon zarensa yake.

Ranar da ya shiga fili ina wurin. Makaɗa suka gan shi suka haukace, aka yi ta liƙi tun bai ɗaura hannu ba. Wallahi na ga fuskarsa ta koma ta ɗan ashirin. Aka fito masa da wani yaro wanda shi yayan nawa ya taɓa kashe ubansa a wannan filin. (Don yaranmu haifaffun nan: kisa a dambenmu shi ne a kai mutum ƙasa, ko gwiwa ko hannu ya taɓa, ba a kai shi kabari ba.) Turmin farko aka tashi ba kisa, filin ya ɗauki sowa. A na biyu yaron ya kawo hannu guda ta saman garkuwa ya same shi a bayan kunne. Ya faɗi da ƙeya a kan ƙasar da ta sha rana ta yi tauri kamar daɓe.

Ya tashi da ƙafarsa, har ya yi wa yaron murmushi ya ɗaga masa hannu. Da fim ne, nan za a sa kiɗa a rubuta sunaye. Mu kuwa gida muka tafi da shi. Da dare ya ce mini, da harshenmu na can: “Na gane hannun tun yana tahowa, ƙahwa ce ta ƙiya.” Kunnen hagu bai sake ji ba. Ciwon kai ya zauna masa. Bayan shekara biyu hannu ya fara rawa, mahauci kuwa in hannunsa na rawa ya bar wuƙa ke nan. Kuɗin liƙin ranar bai biya ko rubu'in bashin ba. Ni na ƙarasa biya daga nan Jidda, da kuɗin tsire, wanda mutanen Hijaz ke kira siriya suna layi a kansa. Ya yi shekara goma sha ɗaya a zaune a zaure kafin Allah ya karɓi abinsa.

Maganar tasa ita ce duk bayanin likitoci a dunƙule. Ido na gani, ƙwaƙwalwa na ba da umarni, amma saƙon kan makara kafin ya isa ƙafa da wuya, makarar ƙiftawar ido kuwa ita ce tsakanin kaucewa da faɗuwa. Akwai kuma abin da ba a gani. Ƙwaƙwalwa cikin ruwa take a kwanyar kai. Naushi na girgiza ta ta bugi ƙashi. Da shekaru takan ɗan tsuke, siraran jijiyoyin jinin da suka riƙe ta su miƙe, su fi saurin tsinkewa. Mutum na iya tashi lafiya ya yi dariya ya ci tuwo, jini na taruwa a hankali, sai bayan sa'o'i ko kwanaki ya kife. Ki ɗora hawan jini a kai, wanda ba a shan maganinsa. Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya rubuta yadda tsofaffin 'yan dambe ke tafiya suna tangaɗi kamar mashaya, magana na sarƙewa, mantuwa na yawa. Shi ya sa a boksin na waɗanda ba sana'a suka ɗauke shi ba, irin na gasar Olamfik, aka yanke shekara 40. Can kuwa ana da safar hannu mai laushi, da dandamali mai katifa, da likita a bakin igiya. Namu zare ne a naɗe ya yi tauri kamar dutse, ƙasa ce tsurarta, kuma abokin karawar zai kasance sa'an babban ɗanku, yaron da ke neman suna, wanda ba abin da zai ɗaga shi kamar a ce shi ya kashe wane.

Amma in kika tare shi da wannan lissafin ba zai ji ba, don ba a nan ƙaiƙayin yake ba. Bari in gaya miki abin da na fahimta bayan shekara talatin da huɗu a ƙasar nan. Mutumin da aka taɓa yi wa kirari, wanda makaɗi ya taɓa durƙusawa a gabansa, ya zo nan ya zama “ya Muhammad, shil haza,” wato ɗauki wannan. Shekara 19 yana ɗaukar kwalin tumatir, ba wanda ya san hannun nan ya taɓa tsayar da kasuwa. A da ko ba komai akwai majalisa: ni a unguwar Sabil nake, in an yi Isha mu baje tabarma, wani ya tuno damben Shago da Ɗandunawa, wani ya ce kai ai wane da ke zaune nan ma ba baya ba ne, mutum ya ji daɗi ya je ya kwanta. Da aka rushe Sabil da Karantina da Gulail a 2022, majalisun suka watse, kowa ya koma inda ya samu ɗaki. Na san Makka ma an taɓa irin wannan watsewar. Sai ga fim ya zo ya nuna masa mutum irinsa, wanda duniya ta manta, dubban mutane sun miƙe suna kiran sunansa. Ba naushin yake kewa ba, ƙanwata. Takensa yake son ya sake ji.

Don haka abu na farko, ki hana yaran dariya, yau ɗin nan. Duk dariya guda tana ƙara masa kulli a zaren. Ke ma kada kalmar tsufa ta fito daga bakinki. Gudun Asuba da buhun yashi ki bar shi da su, alheri ne; namiji mai 47 da ke motsa jiki ya fi mai kwanciya bayan kabsa. Ta nan ma za ki shiga: ki ce tunda abin da gaske ne, manyan 'yan dambe ba sa shiga fili sai likita ya duba su, ya je mustausaf, wato asibitin unguwa, a auna jini, da suga, da zuciya, da ido, ya kuma faɗa wa likitan ainihin abin da yake shirin yi. Abin da ya ƙi ji daga bakinki zai ji daga mai farar riga. Maganin hawan jinin kuma ya zama cikin shirin, ba cikin gardama ba.

Na biyu, ki bincika a hankali ko akwai bashi. Maganar babur da mota da ya yi ba ta kwanta mini ba. Kuɗin sabunta igama, kuɗin da ake biya kan kowane ɗan gida, haya, ga 'yan uwa a gida da ke ganin duk wanda ke Makka a kan rijiyar riyal yake zaune; namiji kan haɗiye wannan duka ya yi shiru. Joe Louis bashi, Foreman kuɗin cibiya, yayana shanun mutane. Ban cika ganin tsohon ɗan damben da ya dawo fili aljihunsa cike ba. In bashi ne, a zauna da 'yan uwa a san yadda za a yi, ya fi sauƙi a kan jinyar shekara goma.

Na uku, ba ke za ki ce masa kada ya shiga ba. Ki nemo wanda yake jin nauyi, tsohon ubangidansa na dambe in yana raye, ko wani babba a cikin mutanen garinku da ke nan, a kira shi a waya. Su sun san yadda ake sauke ɗan dambe ba tare da an kunyata shi ba. A gidan dambe akwai matsayin da ya fi na mai kara: akwai masu ɗaura wa yara hannu, akwai masu raba wasa, akwai iyayen gida da ake zuwa gaisarwa kafin a shiga fili. In ya je gida ya shiga da babbar riga, makaɗa za su gan shi, za su ɗauki takensa, ya taka ya ɗaga hannu ya yi musu liƙi, a yi sowa, ya koma ya zauna a kujerar manya. Abin da yake nema ya samu, kansa kuma na wuyansa lafiya. Ki tanadi kuɗin liƙin da kanki ki ba shi a hannu, sababbin takardu.

In kuma mai jin maganar malamai ne, to a garin da kuke zaune majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, ta zauna a 1987 ta ce boksin irin na gasa bai halatta ba, saboda an gina shi kan cutar da juna, ga kuma hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim da ya hana dukan fuska. Na san za a ce to ga shi ana yi a Riyad, ga Usyk da Fury a 2024, ga Joshua da Usyk a nan Jidda a 2022. Wannan tsakanin masu shiryawa ne da malamansu, ni mai tsire ne. Amma kada ki fara da wannan ƙofar. In kika fara da haram, zai ji kamar kin ce duk ƙuruciyarsa zunubi ce, sai ya ƙara taurin kai. Ki ajiye ta a ƙarshe, kuma wani ya faɗa, ba ke ba.

Gyalen kuwa ki bar masa. Ki rubuto mini bayan Hajji in ji yadda aka ƙare.

Tambaya: Kawu, kullum kana maganar dambe kamar ka san shi ciki da waje. Kai ka taɓa shiga fili kuwa? Daga wani ɗanka a Riyad.

Amsa: Na taɓa, ɗan nema. Sau ɗaya, ina da shekara goma sha bakwai, ranar kasuwar ƙauyen da ke gaba da namu. Yayana ne ya ɗaura mini zaren da hannunsa, ya tofa addu'a, ya ce in sa ido a kafaɗar abokin karawa, kada in kalli fuskarsa. Makaɗin bai san ni ba, sai ya ara mini taken yayana. Aka fito mini da wani siririn yaro mai tallan rake, na ce a raina wannan ko iska ta ishe shi. Na miƙa garkuwa, na tuna akwai wata yarinya mai fura a gefen fili da nake so ta gani, na ɗan waiga in tabbatar tana kallo.

Tana kallo kuwa. Da na farfaɗo ita ce ke riƙe da ƙwaryar da ake yayyafa mini ruwa. Haƙorin da na bari a filin nan sai a 1996 na sa na azurfa a madadinsa, a wani shago kusa da Bab Makka, mutane suna ta ce mini Alhaji ya sa haƙorin Makka. Mai furar kuma tana nan cikin ɗaki yanzu haka, ta ce in gaya maka ba waige ne ya kayar da ni ba, ko ban waiga ba faɗuwa zan yi.